Idan Bature ya ce "I wouldn't", shawara ya ba ka ko hana ka ya yi?

Ɗalibi a Ingila:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambayata ga waɗanda suka daɗe suna cuɗanya da Turawa ce. Malamin da ke duba aikin digirina na biyu ya karanta tsarin da na kai masa, da ya zo kan wani babi sai ya ce, "I wouldn't include that, personally." Daga nan ya shiga wata magana. A fahimtata cewa ya yi da shi ne, da bai sa babin ba. To ai ba shi ba ne, ni ne. Ga shi kuma ya ƙara da "personally", wato ra'ayinsa ne kawai. Amma abokin zamana, ɗan ƙasar ne, ya ce in cire babin tun wuri. Ni kuwa na sha wahala a kan babin nan. Hana ni ya yi, ko zaɓi ya bar mini?

Anti Nas:
Wa alaikumus salam. Ƙanena cire babin, ka adana shi ko zai yi maka amfani gaba. Hana ka ya yi. A asibitin da nake aiki, in babban likita ya dubi takardar magani ya ce "I wouldn't give him that tonight", babu ma'aikaciyar jinyar da za ta ce ai ra'ayinsa ya faɗa. Kowa ya san maganin nan ba za a ba da shi a daren ba. Ita kuwa "personally" da ta ruɗe ka, ba ƙofa ya buɗe maka da ita ba. Sassauta maganar ya yi don kada ka ji kamar an yi maka tsawa.

Gaskiya Ɗaci:
Ni fa wannan munafunci nake kiran sa. Kai ne malami, kai ke da maki a hannu, me zai hana ka buɗe baki ka ce "cire babin nan"? Sai ka laɓe bayan "da ni ne", in abu ya yi kyau ka ce shawararka ce, in ya ɓaci ka ce ai ba ka tilasta kowa ba. Yaro ya biya kuɗin makaranta mai tsada, kuma sai ya koma yana duba a kan maganar malaminsa.

Malam Mai Nahawu:
Malam Gaskiya, a yi haƙuri a bar hukunci tukuna, mu fara ganin yadda maganar ta ginu.

Abin da malamin ya faɗa rabin jimla ne. Cikakkiyarta ita ce "I wouldn't include that if I were you." Ƙarshen ne aka yanke saboda kowa ya san shi. Har ma sukan yanke fiye da haka. Mutum zai ga ka miƙa hannu za ka ɗauki wani abu, ya ce "I wouldn't" kawai, ya yi shiru. Kalma biyu, amma saƙo ya isa.

Mu a Hausa muna da kalmomi biyu da suka raba mana aiki. In abu mai yiwuwa ne sai mu ce "in" ko "idan": in na samu kuɗi zan sayi gida. In kuwa ƙaddarawa ce kawai, sai mu koma kan "da": da na samu kuɗi da na sayi gida. Turanci "if" ɗaya gare shi, ita ke ɗaukar duka biyun. Don haka sai ya nemo wata dabara, ya ja aikatau baya da taki ɗaya. "If I get the money, I will buy a house", wannan mai sa rai ne. "If I got the money, I would buy a house", wannan yana ƙaddarawa ne, ko da yake "got" siffar shuɗaɗɗen lokaci ce. Ba jiya yake nufi ba, nesanta maganar ya yi daga zahiri. In kuma abin ya riga ya wuce, ba gyara, sai a ƙara ja da baya: "If I had got the money, I would have bought a house."

Ita kanta "would" siffar shuɗaɗɗen lokaci ce ta "will", kuma a tsohon Turanci asalin ma'anar "will" so ne ko nufi. Nesantawar nan da ake yi da ita don ƙaddarawa, ita ce dai ake yi don ladabi. Shi ya sa "I would like" ta fi "I want" laushi, "Would you" ta fi "Will you". Wanda ya ce maka "I wouldn't" ya matsa gefe ne ya nuna maka ramin, bai riƙe maka hannu ba.

Sannan Malam Gaskiya, in mahaifinka ya dube ka ya ce, "Ni dai da ni ne, da ban shiga kasuwancin nan ba", za ka ce Baba munafunci ya yi? Hannunka mai sanda ya yi maka, kuma ka san abin da yake nufi.

Gaskiya Ɗaci:
Allah ya gafarta Malam, Baba ai a gidansa na tashi, na san fuskarsa in ya yi fushi, na san shirunsa. Wannan yaron bai cika shekara a ƙasar ba. Kara tana aiki ne tsakanin waɗanda suka san juna. Ka yi wa baƙo zaurance, sannan ka hukunta shi don bai gane ba, wannan ba kara ba ce.

Anti Nas:
A nan kam ka taɓo gaskiya. Na ga sababbin zuwa da yawa, daga Najeriya, daga Indiya, daga Filifin, an rubuta musu a rahoto cewa ba sa karɓar gyara, alhali su ba su ma san an yi musu gyaran ba. An ce musu "you might want to check that again", suka ɗauka in sun ga dama. A wurin wadda ta faɗa kuwa, cewa ta yi akwai kuskure a nan, je ki gyara yanzu.

Tafinta daga Damagaram:
Gaisuwa ga manyan zaure. Mu da muka yi lakkwal, wato makarantar boko, da Faransanci abin bai zo mana da baƙunta sosai ba, domin a can ma ana cewa "à ta place, je ne ferais pas ça", a matsayinka da ban yi haka ba. Bambancin shi ne Faransanci yana canja ƙarshen aikatau kansa, kana gani a rubuce ka san ƙaddarawa ce. Turanci kuwa duk nauyin a kan ƙaramar kalma ɗaya yake, kuma a baki ma haɗiye ta suke yi. "I would" ta koma "I'd", sautin "d" ɗin da ƙyar kunne ke kama shi. A aikin fassarar baki wannan yana da haɗari. "I'd sign it" da "I signed it" da "I'll sign it" in an faɗe su da sauri kusan ɗaya suke a kunnen wanda bai saba ba, alhali na farko shawara ce, na biyu labarin abin da ya faru, na uku alkawari. A wajen taron yarjejeniya in ban ji da kyau ba nakan nemi a maimaita, ko da za a ga na tsayar da magana.

Ɗalibi a Ingila:
Na gode ƙwarai. Amma Anti, a ce ina da hujja mai ƙarfi ta barin babin, ba ni da bakin magana ke nan?

Anti Nas:
Kana da shi mana. Ba a ce doka ce daga sama ba, an ce ka ɗauke ta da nauyin wanda ya faɗe ta. Abin da ba a so shi ne ka yi shiru ka bar babin kamar ba a ce komai ba, ranar da ya sake gani ya ɗauka raina shi ka yi. Ka koma masa da irin harshensa. Ka ce, "Would you drop it altogether, or could it work as an appendix?" Wato zai jefar da shi gaba ɗaya ne, ko a mayar da shi rataye a ƙarshe. Ko ka tambaye shi kai tsaye, "How strongly do you feel about it?" Ba rashin kunya ba ne a wurinsu, suna ma jin daɗin irin wannan tambaya. In ya ce "Fairly strongly, to be honest", to magana ta ƙare. In ya ce "Oh, it's up to you, it was just a thought", sai ka kawo hujjarka, ko da yake ita ma "just a thought" ɗin ba kullum take da sauƙin da take nunawa ba.

Baban Yara a Amurka:
Ku na Ingila kun cika kewaye-kewaye. A nan ma ana cewa "I wouldn't", amma mai gidan aiki ba ya jin nauyin ce maka "Don't do that." Abin da na fi ji a bakin makanikai da masu gyaran gida shi ne "you're gonna want to". Makanike zai ce "You're gonna want to change those tires before winter." Bai ce ka canja taya ba, ya ce wai kai da kanka za ka so ka canja. Ya shiga zuciyarka ya gaya maka abin da za ka so.

Sannan a lura, cikakkiyar jimlar da Malam ya kawo ba kullum ce ta ladabi ba. In mutum ya tsare ka da ido, ya ja muryarsa ƙasa, ya ce a hankali "I wouldn't do that if I were you", wannan ba nasiha ba ce, kashedi ne. Ma'anarsa taɓa ka gani. Mai gadi zai iya faɗa maka haka, ɗan sanda ma haka. Kalmomi ɗaya da na abokinka mai son ka da alheri, murya ce kawai ta raba su.

Malam Mai Nahawu:
Alhaji ya kawo batun murya, bari in ɗora. Inda aka danna ma yana canja ma'ana. In aka danna "I", aka ce "*I* wouldn't", to mai maganar yana ware kansa ne: ni dai ba zan yi ba, kai kuwa ka san kanka. A nan da gaske akwai zaɓi, wani lokaci har da ɗan gugar zana, kamar ya ce irinku ne ke yin haka. In aka danna "wouldn't", hani ne. Ɗana na Ingila sai ka tuna inda malaminka ya danna.

Mai ciwon ita ce ta abin da ya wuce. "I wouldn't have done that." Aiki ya riga ya gama, babu sauran shawara, abin da ya rage zargi ne. Haka "I'd have called first", da ni ne da na fara bugo waya, wato ka yi ba daidai ba da ka zo babu sanarwa. Akwai kuma "I would have thought that was obvious", wadda a zahiri take cewa da na zaci abin a fili yake, a baɗini kuwa tana cewa yaya aka yi ba ka gane abu mai sauƙi haka ba. Wannan in Baturen Ingila ya faɗa maka, ransa ya ɓaci.

'Yar Aji Shida:
Malam don Allah ni tambayata ta jarrabawa ce. An koya mana "If I were you", amma a bidiyoyi ina jin Turawa da kansu suna cewa "If I was you". Wanne zan rubuta a WAEC?

Malam Mai Nahawu:
'Yata rubuta "were". A WAEC da NECO da JAMB duk inda kika ga ƙaddarawar abin da ba haka yake ba, "were" ake nema: "If I were rich", "I wish he were here". Ragowar wata tsohuwar siffar aikatau ce da Turanci ya kusa zubarwa gaba ɗaya, sai a 'yan wurare irin wannan ta maƙale. A bakin titi kuwa "was" ta cika gari, musamman a Ingila, kuma ba wanda zai kasa gane ki. Sai dai ki riƙe wannan: akwai inda "was" ce daidai ko a jarrabawa. "If I was rude yesterday, I'm sorry." A nan ba ƙaddarawa yake yi ba, mai yiwuwa ne da gaske ya yi rashin ladabin jiya. Da Hausa "in" za mu sa a nan, ba "da" ba. Ki riƙa gwadawa da Hausar a zuci, inda "da" ta zauna, nan ne gidan "were".

Baban Yara a Amurka:
Malam kada ka zo nan, hawan jini zai kama ka. "If I would have known, I would have come" ita ce abincin yau da kullum a bakin mutane da yawa, har da masu digiri.

Malam Mai Nahawu:
Na sani Alhaji, na ji su. A Ingila ma akwai masu cewa "If I'd have known". Ba na faɗa da bakin mutane, harshensu ne. Amma ɗalibina ya rubuta mini haka, jan biro zai sha. Daidai a rubutu shi ne "If I had known, I would have come." Wanda ya fi ba ni haushi shi ne "would of". Sun ji "would've" a baki, sautinta ya yi kama da "of", sai suka rubuta yadda suka ji. Kuskuren 'yan gida ne wannan, mu da muka koya daga littafi ba mu cika yin sa ba, sai yanzu da yaranmu suka fara kwasowa daga intanet.

Barista:
Na daɗe ina karantawa, bari in shigo ta ɓangarenmu, domin lauyoyi da 'yan siyasa sun fi kowa sanin darajar "would". Kalma ce da ke ba ka damar faɗar ra'ayi ba tare da ka ɗaure kanka ba. Ɗan jarida zai tambayi minista, in aka yi kaza za ka sauka? Ko dai ya ce ba ya amsa tambayar ƙaddarawa, ko ya ce "I would have to consider my position", wadda ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba.

Shi ya sa har yau ake tuna Janar William Sherman na yaƙin basasar Amurka. A 1884 da ake ta raɗe-raɗin jam'iyyar Republican za ta tsayar da shi takarar shugaban ƙasa, amsar da ya aika ita ce, "I will not accept if nominated and will not serve if elected." Ku duba, "will not" ya ce har sau biyu, bai ce "would not" ba. Ya toshe ƙofar gaba ɗaya. Har yanzu a siyasar Amurka in ɗan siyasa ya ƙi takara ƙi na haƙiƙa, da sunan Sherman ake kwatanta maganarsa, saboda yawancinsu sukan bar 'yar kafa.

Na biyu, ranar 16 ga Yuli 2018 a Helsinki, Donald Trump yana tsaye kusa da Vladimir Putin aka tambaye shi batun kutsen Rasha a zaɓen 2016. Ya ce, "I don't see any reason why it would be." Wato bai ga dalilin da zai sa a ce Rasha ce ba. Amurka ta ɗauki zafi, har 'yan jam'iyyarsa suka yi masa ca. Washegari ya fito ya ce "wouldn't" ya yi niyyar faɗa, ba "would" ba. Ko an yarda da shi ko ba a yarda ba, wannan wata magana ce, amma ka ga inda gaɓa ɗaya ta juya matsayin shugaban ƙasa.

Na uku ya ɗan bambanta, amma yana da amfani ga mai koyo. A 1963, lokacin abin kunyar lalata da ya shafi John Profumo, ministan yaƙi na Birtaniya a wancan lokaci, wata matashiya mai suna Mandy Rice-Davies tana ba da shaida a kotu a Landan, lauya ya ce mata Lord Astor, wani mai sarauta a ƙasar, ya musanta cewa akwai wata alaƙa tsakaninsu. Ta ce, "Well he would, wouldn't he?" Wannan "would" ba ta ƙaddarawa ba ce zalla. Ma'anarta ai dole ya musanta, me kuke tsammani daga mutum a irin matsayinsa? Maganar ta zama karin magana a Ingila. Don haka in ka ba Bature labari cewa kamfani ya ce kayansa ba su da illa, ya ce "They would say that", kada ka ɗauka yana goyon bayansu. Cewa yake yi ai ba za su faɗi akasin haka ba.

Gaskiya Ɗaci:
Barista ka ƙarfafa ni ne ai. Misalanka uku, a biyu kalmar mafakar masu zamiya ce. Wanda ya yi maganar maza a cikinsu shi ne wanda ya ƙi amfani da ita.

Barista:
Ranka ya daɗe, wuƙar da mahauci ke aiki da ita ita ce ɗan daba ke ɗauka. Likitan da ya ce maka "If it were my father, I'd go for the operation" ba zamiya yake yi ba. A Ingila doka ta ba majiyyaci mai hankalinsa ikon ƙin magani, likita ba shi da hurumin tilasta shi. To ta yaya zai gaya maka gaskiyar abin da ya gani ba tare da ya ƙwace maka hukunci ba? Sai ya sa kansa a matsayinka. Ni ma haka nake yi da masu ƙara. Ba zan ce wa mutum kada ka kai ƙara ba, haƙƙinsa ne. Zan ce da ni ne da na karɓi sulhu.

Edita a Kaduna:
Tunda an zo nan, bari in kawo namu na gida, domin kullum ina fama da shi a teburin gyara. A Turancin Najeriya mun mayar da "would" ta zama "will" mai ladabi. Sanarwa za ta fito, "The meeting would hold on Monday." Marubucin yana nufin za a yi taro ranar Litinin, tabbas. Baturen da ya karanta kuwa zai tsaya yana jiran sauran jimlar: da an yi taron, amma me ya hana? A kunnensa akwai sharaɗin da ba a faɗa ba. Haka mai neman aiki zai rubuta "I would send the documents tomorrow", shi a ganinsa ya yi ladabi, wanda ya karɓa kuwa bai ga alkawari a ciki ba. In za ka yi abu, "will" ce. A bar "would" ga abin da ke rataye da sharaɗi, ko roƙo, ko labarin abin da wani ya ce zai yi.

Ga kuma "I wouldn't know". Mu muna faɗar ta a matsayin ban sani ba cikin ladabi. A Ingila tana iya ɗaukar wani ƙamshi: ina ruwana, ni ba na cikin masu sanin irin wannan. Ka tambayi mutum yaya giyar wurin nan take, ya ce "I wouldn't know", yana gaya maka shi ba mashayi ba ne. To ka ga in shugabanka ya tambaye ka ina fayil kaza, ka ba shi wannan amsa, ka yi tsiwa ba da niyya ba.

Anti Nas:
Edita ka tuna mini da 'yan uwanta, suna da yawa. "I wouldn't say no" in an yi maka tayin shayi, e ce, har da marmari. "I wouldn't mind" ma haka. "I wouldn't hold my breath", kada ka sa rai. "I wouldn't put it past him", zai aikata, halinsa ne. "I wouldn't go that far", ban yarda da kai ba amma ba na son musu. "I wouldn't worry about it" ita kam yawanci kwantar da hankali ce ta gaskiya. In abu ya kai maƙura wajen muni sai su ce "I wouldn't touch it with a bargepole", ko da sandar tuƙa kwalekwale ba zai taɓa shi ba.

Amma Yaya Gaskiya, don kada ka ce ba a ba ka haƙƙinka ba: su kansu sun san inda salon nan ke kashe mutum. A asibiti ana horar da mu cewa in rai na cikin haɗari a ajiye kewaye-kewaye. Akwai tsarin miƙa bayani da ake kira SBAR, ka faɗi halin da ake ciki, ka faɗi tarihin majiyyaci, ka faɗi abin da ka gani, ka faɗi abin da kake so a yi, a fili. Ƙaramar ma'aikaciya ba za ta tsaya tana cewa "I wouldn't" ba in ta ga za a yi allurar da ba daidai ba. "Stop" za ta ce, ko gaban wane ne. Matuƙa jirgin sama ma ana yi musu irin wannan horo, saboda an sha samun mataimaki ya ga matsala ya faɗe ta a sassauce, kyaftin bai ɗauke ta da nauyi ba.

Gaskiya Ɗaci:
To alhamdu lillahi. Da rai ya zo sai aka koma maganata. Ni dai har yanzu ina nan a kan cewa malamin da ya san ɗalibinsa baƙo ne, shi ya kamata ya sauko ya yi magana a fili, ba yaron ne zai hau ba.

Baban Yara a Amurka:
Sandar Anti a nan ƙafa goma ce, "ten-foot pole" suke cewa. Malam Gaskiya kuwa, kafin malaman duniya su gyaru yaron nan yana da ranar miƙa aiki.

Tafinta daga Damagaram:
Malam Mai Nahawu, saura ɗaya da ke ɗaure mini kai a rubuce. "I'd better go" da "I'd rather go", wannan "d" ɗin kalma ɗaya ce?

Malam Mai Nahawu:
A'a Malam Tafinta. Ta farko "had" ce, ta biyu "would". "I'd rather go" zaɓi ne, na fi son in tafi. "I'd better go" kuwa gara in tafi, in ba haka ba wani abu zai biyo baya. Shi ya sa "You'd better" ba ta cikin masu laushin da muke ta lissafawa, tana ɗauke da kashedi. Uwa za ta faɗa wa ɗanta, shugaba zai faɗa wa na ƙasa da shi in ya ƙosa. Kada ka faɗa wa wanda ya girme ka a aiki kana zaton shawara ka ba shi. In kana son ba na sama da kai shawara, ka ce "It might be worth" kaza, ko "Would it help if" kaza.

'Yar Aji Shida:
Malam na ƙarshe. In aka ce mini "Would you mind closing the door?" kuma zan rufe, "yes" zan ce ko "no"?

Malam Mai Nahawu:
"No" ce, ko "Not at all", domin tambayar ita ce ko zai dame ki. A jarrabawa haka za ki zaɓa. A baki kuwa za ki ji Turawan da yawa suna cewa "Sure" ko "Of course" suna tashi su rufe, ba wanda ke kama su da laifi. Abin da za ki guje wa shi ne "Yes" ita kaɗai, kina zaune ba ki motsa ba.